Soyayyiyar shinkafar 'yan Sin ta ƙi ni, ina matsalar take?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Sau uku ke nan ina gwada soyayyiyar shinkafa irin ta 'yan Sin, mai ƙwai da ganyen albasa, duk ukun ba ta yi ba. Ta jiya ce ma ta fi ɓaci: ta caɓe, ta kama gindin tukunya, ta yi baƙi, ga gishiri kamar a bakin ƙwarya. Mun taɓa cin ta a wani gidan abinci a Abuja, wara-wara da ita, ga wani ƙamshi kamar na hayaƙi, tun ranar maigida yake maganarta. Ga yadda na yi: na dafa shinkafa gwangwani huɗu, ina tacewa na juye a tukunyar da na soya karas da koren wake da kaza, na zuba soya sos kusan rabin kofi, na sa kori da tayim da magi biyu. Kayan ne ba mu da su a nan, ko hannuna ne? Har na fara tunanin abincin nan ba ya yiwuwa a kicin irin namu.

UmmuAffan:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham ba hannunki ba ne, shinkafar ce kika soya da zafinta. Wadda aka sauke yanzu cike take da tururi, kina juya ta sai ta farfashe ta koma hanyar tuwo. Ki dafa tun dare, ki rage mata ruwa kada ta yi laushi, ta huce, ta kwana a firij. Da safe ki ɗan shafa mai a hannu ki warware ta kafin ta shiga wuta.

Anti_Rabi_Kd:
Ƙanwata, kori da tayim ɗin nan su ne na farko da za ki ajiye. Abin da kika haɗa rabinsa firai rais ce tamu ta biki, rabinsa ta Sin, shi ya sa ba ta zama ko ɗaya ba. Tasu ba kori, ba tayim, ba ruwan nama. Mai, ƙwai, tafarnuwa, ganyen albasa, ɗan gishiri, soya sos, shi ke nan. Kuma rabin kofi ya yi yawa ƙwarai. Soya sos ai ruwan gishiri ne, ga shi kin ƙara magi biyu a kai. Cokalin cin abinci ɗaya ya ishi faranti guda. Ki duba kwalbar ma, akwai mai ruwa-ruwa ta ɗanɗano, akwai mai kauri baƙa ƙirin wadda launi kawai ake nema da ita. In baƙar kika saya, ga dalilin duhun nan.

Maman_Ilham:
Anti na je na duba, wallahi baƙar ce mai kauri.

Ɗan_Gwanzu:
Hajiyoyi a yi mini afuwa, na shigo zancen mata. Ina zuwa birnin Gwanzu na ƙasar Sin saro kaya, kuma na sha tsayawa ina kallon masu soya shinkafar nan a unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka fi sauka. Abin da ba a faɗa muku a bidiyo shi ne wutar. Murhunsu ƙara yake kamar injin, harshen wuta na lasar gefen kaskon. Faranti ɗaya ake soyawa a lokaci guda, minti biyu zuwa uku an sauke, hannun mai suyar bai tsaya ba ko sau ɗaya. Wannan ƙamshin da kika ce kamar hayaƙi, har suna gare shi a yarensu na Kanton, ma'anarsa numfashin kasko. Ba a kwalba yake ba, daga zafin ƙarfe da mai yake fitowa. Gwangwani huɗu a tukunya ɗaya kan ƙaramin gas, ai dafuwa za ta ci gaba da yi, ba suya ba.

Inna_Talatu:
Ɗana ka yi gaskiya. Ni da na ga kaskon nasu a wayar jikata, na ce wannan ai kaskon tuyar ƙosai ne, baƙin ƙarfe mai zagayayyen gindi. Maman Ilham in kina da shi ki ɗauko, ki hura gawayi ya kama sosai ki fifita. Wutar gawayi ta fi ta gas ɗinku ƙarfi nesa ba kusa ba.

Nas_Hauwa:
Ina da gyara kan maganar UmmuAffan, ba don ta yi kuskure ba, sai don wasu za su karanta rabi. Kwanan shinkafa a FIRIJ ake nufi, ba a tukunya kan murhu ba. Akwai ƙwayar cuta da ke zama a shinkafa wadda dahuwa ba ta kashe ƙwanta. In shinkafar ta daɗe a ɗumi sai ta yaɗu ta saki guba, kuma gubar ba ta mutuwa ko an sake soyawa. Amai da gudawa ke biyo baya, yara suka fi wahala. Da zafin nan namu, kada ta wuce awa ɗaya zuwa biyu a waje.

'Yar_Damagaram:
To mu da kuran, wato wutar lantarki, ba ya zama, firigo ya zama kabad ɗin ajiya, ya za mu yi? Ni abin da nake yi, in dafa da hantsi, in baza ta siriri a babban tire, in sa a inuwa inda iska ke kaɗawa. Lokacin hunturu kafin in gama yanka albasa ta sha iska ta bushe. Tana yi daidai, ba sai ta kwana ba.

Nas_Hauwa:
Wannan ma ya fi kwanciyar hankali, 'yar uwa.

Bint_Usman:
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. An ce mini soya sos akwai giya a ciki. Tun da na ji na daina saya. Wa ke da sani?

Ɗalibar_KL:
Yaya Bint, ina karatu a Maleshiya, nan kusan kowane girki da shi ake yi, kuma yawancin masu ci Musulmi ne. Ana yin sa ne da waken soya da alkama da gishiri da ruwa, a bar shi ya yi watanni yana tsima. A wajen tsimar nan wani ɗan kaso kaɗan na sinadarin barasa kan fito da kansa a wasu iri, musamman na Japan. Shi ya sa nan ake duba tambarin halal na hukumar JAKIM a jikin kwalba, kuma masu tambarin suna da yawa, na Indunusiya ma akwai. Waɗanda za ki guje wa kai tsaye guda biyu ne: mirin na Japanawa da giyar girki ta Shaoxing ta 'yan Sin. Waɗannan giya ce da aka yi da shinkafa, kuma masu koyar da girki a YouTube suna zuba su ba tare da bayani ba. In kin ga an ce a zuba, ki tsallake, ko ki sa ɗan ruwan khal da ɗan sukari.

Malam_Abu_Safiyya:
Allah ya saka da alheri da wannan bayani. Malamai sun yi magana kan abin da ya rikiɗa daga asalinsa, kamar khal, kuma akwai saɓani a wasu rassan. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya nemi mai tambarin, tunda akwai shi, ya kuma tambayi malamin da ya amince da shi.

Ɗan_Gwanzu:
Ƙari kan wannan. Mutane na ɗauka duk abincin Sin alade ne. Akwai Musulmi 'yan ƙabilar Hui, gidajen abincinsu na ko'ina, galibi da koren allo. Su ke yin taliyar Lanzhou mai romon naman sa, a gabanka za a ja ƙullin da hannu ya zama zare. Nan muke ci. Abin da ya ba ni mamaki, a gargajiyance da ruwan tokar wata ciyawa suke kwaɓa fulawar don ta yi danƙo. Na ce ashe ba mu kaɗai muka san aikin toka da kanwa ba.

Maman_Twins:
Na gwada wannan! Na jiƙa 'yar kanwa na tace, na kwaɓa fulawar taliyar murji da ruwan. Ta fito ɗorawa-ɗorawa ba tare da ƙwai ba, kuma ba ta narkewa a romo. Amma kaɗan ake sawa, ta farko da na cika ta yi ɗaci da warin sabulu, zubarwa na yi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ku dai faɗi gaskiya, sirrin gidajen abincin nan farin magi ne. Ni kuwa ba ya shiga gidana. Abin da ake wanke tukunya da shi ne za a ci?

Chemist_Zariya:
Hajiya, da girmamawa, lemon tsami ma ana wanke tukunya da shi. Farin magi gishirin wani sinadari ne mai suna gulutamet. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano shi a 1908 cikin romon ciyawar teku, a 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Yau ana yin sa ne ta hanyar tsima rake ko sitacin rogo da masara. Sinadarin nan yana cikin tumatir, yana cikin busasshen kifi, yana cikin daddawa, kuma in kika karanta bayan takardar dunƙulen magin da muke jefawa a miya kullum za ki gan shi a rubuce. Wanda ba ya so ya bari, ba dole. Abin da nake jan hankali a kai shi ne yawan gishiri gaba ɗaya, musamman ga masu hawan jini.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Na ji, amma ni dai daddawata ta ishe ni.

Chemist_Zariya:
Ai kin kama dahir. Ƙwayar halittar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, irinta ce ke yin natto na Japanawa da waken soya. 'Yan Sin ma suna da baƙin wakensu mai gishiri da suke soyawa da tafarnuwa. Ni na taɓa daka daddawa kaɗan da tafarnuwa da citta na soya nama da koren tattasai, ba wanda ya ce ba abincin Sin ba ne.

Zongo_Kumasi:
Salamu alaikum. Mu nan Gana soyayyiyar shinkafa abincin bakin titi ce, samari ke sayarwa da dare, da kaza da shito, wato baƙar soyayyiyar miyar yajinmu. Su ma babban kasko ne da wuta mai ƙarfi, kaɗan-kaɗan suke soyawa. Maman Ilham ki gwada da shito a gefe, za ki ba ni labari.

Amaryar_Bana:
Tunda an buɗe fage, ni biryani ce ta ba ni kunya ranar da dangin miji suka zo. Saman ɗanye, ƙasan ƙonanne. Na yi kuka wallahi.

Hajiya_Umma_Fagge:
Share hawayenki 'yata, ba wadda biryani ba ta taɓa kayarwa ba. Na yi wata huɗu a Haidarabad ta ƙasar Indiya ina jinyar mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, matar da muka kama haya a gidanta ita ta zaunar da ni ta koya mini. Su can suna da iri biyu, wadda ake jera ɗanyen nama a ƙasa, da wadda ake fara dafa naman. Ke sabuwar hannu ki fara da ta biyun.

Basmati za ki samu, ki wanke har ruwan ya yi fari tas, ki jiƙa minti talatin. Ki tafasa ruwa mai yawa kamar za ki dafa taliya, da gishiri sosai, da kirfa da kanumfari da hel. Ki zuba shinkafar, kada ki matsa daga wurin. In kika ɗauki ƙwaya kika matsa ta karye amma cikinta da sauran tauri, ki tace nan take. Naman kuwa tun dare ki kwaɓa shi da kindirmo da citta da tafarnuwa da kurkur da barkono, kashegari ki dafa shi. Albasa ki yanka siriri ki soya har ta yi ja, kada ki yi mata rowa, rabin daɗin daga nan yake. Sai ki jera: nama da ɗan romonsa a ƙasa, shinkafa a sama, soyayyiyar albasa, na'a-na'a, man shanu soyayye, da madara mai ɗumi da aka jiƙa za'afaran a ciki in akwai hali. Ki kwaɓa fulawa ki liƙe bakin murfin kada tururi ya fita. Ki ɗora tsohon kasko a kan wuta, ki ɗora tukunyar a kan kaskon, wuta can ƙasa, kamar minti ashirin da biyar. Kaskon nan shi ne maganin ƙonewar da kika yi kuka a kai.

Abin da ya tsaya mini a rai a zaman nan, kayan da suke taƙama da su muna da su a ƙofar gida. Abin da suke kira ghee man shanunmu ne da aka soya. Yogot ɗinsu kindirmo ne. Burodin naan da suke mannawa a jikin tanda, na tsaya ina kallo na ce wannan ai gurasa ce a tanderu, har sunan tandar ya yi kama. Kayan ƙamshin ma da na dawo na same su a kasuwar Kurmi.

Amaryar_Bana:
Mama Allah ya ji ƙan Hajiya, ya saka miki da Aljanna. Na kwafe duka.

Umm_Khartoum:
Amin. Hel ɗin da Mama ta faɗa mu a Sudan habbahan muke ce masa, ko da wata za ta je saya wurin masu kayan Larabawa. Kuma mai son ƙamshin hayaƙi irin na mandi, shinkafa da naman da ake dafawa a rami, ba sai ta haƙa rami ba. In shinkafa ta dahu, ki sa ɗan kofin ƙarfe a tsakiya, ki jefa garwashi ɗaya, ki ɗiga mai a kai, ki rufe minti biyar. Maman Ilham, ko wannan zai ba ki ƙamshin da kike nema?

Ɗan_Gwanzu:
Hajiya, wannan hayaƙin daban ne, na mandi ne, na Yaman da Saudiyya. Na kaskon Sin ƙamshin babbaka ne, ba na turare ba. Zai yi daɗi, amma ba shi ba ne.

Kawu_Sakkwato:
Ni abin da ban gane ba, mi ad daɗin wahalar ga? Ga tuwon shinkafa da miyar taushe, ga dambu, ga fate. Yaranmu sun tashi ba su iya tuƙa tuwo ba, ana ta koyon abincin Caina. Ina jin tsoron ranar da za a nemi mai kaɗa miyar kuka a rasa.

Anti_Rabi_Kd:
Kawu, tsoronka yana kan hanya, ni ma 'ya'yana sai da suka iya tuwo kafin na bar su suka taɓa wani abu. Amma tukunyar Bahaushe ba yau ta fara karɓar baƙi ba. Gurasa da alkaki da sambusa duk ta hanyar fatauci da cuɗanya da Larabawa suka zo, yau wa zai ce ba namu ba ne? Indomie da jikokinka ke ci ta Indunusiya ce, sunan ma daga Indo ne da mie, wato taliya a yarensu. Awara kuma ita ce tofu da 'yan Sin suka daɗe suna yi, mu muka sa mata ruwan tsami da yaji ta zama ta ƙofar makaranta.

Kawu_Sakkwato:
Awara kam ina ci. To Allah shi sa albarka, amma a riƙa tuƙa tuwo da dare.

Ɗalibar_KL:
Anti kin tuna mini. Ranar da na fara cin burodin tururi na 'yan Sin, mantou, sai da na kira Mamana na ce na ga alkubus. Kuma satay na nan tsire ne da miyar gyaɗa a gefe. Wadda ke son gwada abu mai sauƙi ta gwada pad thai na Tailan, miyarsa tsamiya ce da sukarin dabino-dabino irin na giginya da ruwan kifi mai gishiri, a barbaɗa dakakkiyar gyaɗa. Da na zo hutu na yi da tsamiyarmu da mazarƙwaila da garin busasshen kifi. Taliyar shinkafar ce kawai na taho da ita.

Zee_Kdrama:
Ni kimchi nake son yi don Allah, kullum ina gani a finafinan Koriya. Na yi da kabeji da barkono, kwana uku na buɗe, robar ta kumbura, yajin kuma ba ya ciwuwa.

Maman_Twins:
Zee, barkonon Koriya ja ne sosai amma ba shi da zafi kamar namu. Ki daka busasshen tattasai ya zama shi ne mai yawa, barkono ɗan kaɗan. Kabejin ki barbaɗa masa gishiri ya yi awa biyu ya saki ruwa, ki ɗauraye. Kumburin ba lalacewa ba ce, iskar tsima ce, ki riƙa buɗewa tana fita. Amma kwana uku a zafin Kano ya yi yawa, su ƙasar sanyi ce. Kwana ɗaya ya isa, sai firij. In ba ki da tsayayyiyar wuta ki yi kaɗan wanda za ku cinye.

Ɗan_Maigatari:
Ba wanda ya ambaci man riɗi. Mu nan Jigawa muke noma shi, a loda a Dawanau a kai Japan da Sin, su soya su matse su sa a ƙaramar kwalba, mu sayo da tsada. Maman Ilham, wani ɓangare na ƙamshin da kika ji a Abuja ina kyautata zaton shi ne. Uwargidana soya riɗin take yi sama-sama har ya yi ja, a kai niƙa, ta matse kamar yadda ake fitar da man ƙuli. Ba a suya da shi, ana ɗigawa ne bayan an sauke, rabin ƙaramin cokali.

Maman_Ilham:
'Yan uwa na dawo da rahoto. Jiya na dafa gwangwani biyu kawai, ta kwana a firij. Na aro kaskon ƙosai wurin maƙwabciyata, na hura gawayi kamar yadda Inna ta ce, na raba shinkafar kashi uku. Ba kori, ba tayim, na sayo soya sos mai ruwa-ruwa mai tambarin halal. Alhamdulillah ta yi wara-wara, yara sun cinye har suna neman ƙari. Matsala biyu suka rage. Ƙwan ya manne a kaskon sai da na kankare, kuma maigida ya ce ta yi daɗi amma ƙamshin can bai fito sosai ba. Kashi na ukun ne kawai na ɗan ji shi.

Inna_Talatu:
Na ukun ya yi ne don lokacin kaskon ya gama ɗaukar zafi. Kin yi gaggawar zuba mai. Bar shi a wuta shi kaɗai har ki ga yana hayaƙi, sannan ki zuba mai ki zagaya da shi, sannan ƙwai. Haka muke yi da waina ma, tanda mai sanyi ita ke kama ƙullu.

Ɗan_Gwanzu:
Kuma soya sos ɗin kada ki zuba a tsakiyar shinkafa. Ki zagaya da shi ta gefen kaskon inda ƙarfe ya fi zafi, ya yi cuuu kafin ya gangara.

UmmuAffan:
Wace shinkafa kika sa? Don su tasu ba turarriya ba ce, ɗanya ce mai ƙamshi irin jasmin ta Tailan. Tamu ta buhu an turara ta, tana da nata warin.

Maman_Ilham:
'Yar gida ce ta buhu, turarriya. To in gwada da shinkafar tuwo ke nan? Ina tsoron ta caɓe mini kamar ta farko.

'Yar_Damagaram:
Ni da ta tuwo nake yi, amma turara ta nake a madambaci kamar dambu, ba na dafa ta cikin ruwa.

Anti_Rabi_Kd:
Ni kuma na gwada ta tuwon ta dunƙule mini, basmati na koma. Wataƙila irin shinkafar ne ya bambanta. 'Yar Damagaram, kina jiƙa ta kafin ki ɗora a madambacin, ko wankewa kawai? Kuma minti nawa take ɗauka?